Karatun Kemistiri A Jami'a: Amanar Da Ke Cikin Ɗigo Ɗaya

Duk shekara, a laccar farko da nake yi wa sababbin ɗalibai 'yan aji ɗaya, nakan jefa musu tambaya guda kafin mu buɗe littafi: wane ne a cikinku ya zaɓi Kemistiri da kansa lokacin cike fom ɗin JAMB? Hannuwan da ke tashi ba sa wuce a ƙirga su da yatsu. Sauran duk likitanci suka nema, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya; maki bai kai ba, ko gurbi ya cika, sai aka turo su sashenmu. Za ka gan su jugum-jugum kamar waɗanda aka yi wa auren dole, kowa yana lissafin yadda zai sauya sashe idan shekara ta zagayo. Ba na ganin laifinsu, domin ni ma ta wannan ƙofar na shigo. Har yau ina tuna ranar da na kai wa mahaifina, Allah Ya jiƙansa, takardar samun gurbi. Ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ce, "To, madalla. Amma idan ka gama, me za a riƙa kiran ka?" A ranar ban sami abin faɗa ba. Sai a shekarar 2010, ina ƙaramin malami, abin da ya faru a Zamfara ya nuna mini amsar.

A farkon wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba su na kashe ƙwayoyin cuta, ba su tashi ba. Sai da aka ɗebi jinin wasu daga cikinsu aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a Jamus, sannan aka san sunan makashin: dalma. Duwatsun zinaren da mutanen ke haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawan gaske, ga shi kuma a cikin gari ake farfasa su, a niƙa su da injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dareta, Yargalma, Abare, Bagega: sunayen da duniya ba ta taɓa ji ba suka shiga jaridu. Yaran da suka rasu sun kai 400 aƙalla, dubbai kuma gubar ta shiga jikinsu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, likita yana iya ganin yaro yana jijjiga, amma ba ya iya ganin dalma. Kafin a yi komai sai wani ya amsa tambayar "nawa ne a ciki?" Idan dalmar da ke jinin yaro ta kai mikirogiram 45 a kowace desilita, ana fara ba shi maganin fitar da ita. Ƙaramar na'urar da aka kai ƙauyukan iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, kuma jinin yara da yawa ya zarce nan. Ƙasar wurin wasan yara, bisa ma'aunin Amurka na lokacin, bai kamata dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan ba. A wasu wurare a Zamfara an sami sama da 100,000, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce zalla. Wane yaro za a fara kwantarwa, wane gida za a kankare ƙasarsa a zuba sabuwa, duk a kan lambar da wani ya auna ya rubuta aka yanke hukunci. Mai fitar da wannan lamba shi muke horarwa shekara huɗu, idan ya ci gaba kuma shekara goma. Da mahaifina yana raye da na ce masa: Baba, mai awo za a kira ni, amma na abin da ido ba ya gani.

Horon yana farawa ne da abin da ɗalibai ke raina wa. A aji ɗaya ana maimaita musu jadawalin sinadarai, wanda Mendeleev ɗan Rasha ya tsara a 1869 kuma yau yake da gurabe 118. Ana koya musu ma'aunin da ake kira mol, wanda shi ne mudun masana sinadarai. Giram 18 na ruwa, wato babban cokali ɗaya da 'yar ɗoriya, mol ɗaya ne, kuma ƙwayoyin ruwan da ke ciki adadinsu 6 ne da sifili 23 a bayansa. Ɗalibi yakan haddace wannan adadi ya zuba a jarrabawa ya ci, ba tare da ya taɓa tsayawa ya yi mamakin yadda sikeli ke ƙirga masa abin da ba zai iya ƙirgawa ba ko da zai shekara dubu yana yi. Wanda bai kama mol da kyau a nan ba, zai yi ta ɗingishi har ya gama.

To amma ainihin darasin aji ɗaya yana ɗakin gwaje-gwaje, a gaban wani dogon bututun gilashi mai lambobi da ake kira buret. Aikin sunansa taitireshan. Ka zuba asid a bututun, ka sa ruwan soda a kwalba ƙarƙashinsa tare da ɗan launi mai nuna alama, ka riƙa sakin asid ɗin kaɗan-kaɗan kana kaɗa kwalbar, har ɗigo ɗaya ya juya ruwan daga rawaya zuwa ruwan goro. A nan za ka tsaya ka karanta lamba. Ɗigon nan bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na mililita ba, amma shi ke raba daidai da kuskure. Sai ka sake, ka kuma sakewa, har sakamako biyu su zo kusa da juna da tazarar da ba ta wuce 0.10 ba.

A nan ne nake gane ɗalibina. Wata shekara wata yarinya ta kawo mini littafinta da lambobi uku iri ɗaya cif, 24.50 sau uku. Na dubi teburinta, na ga kwalabenta a bushe. Na ce, "Ke, yaushe kika yi wannan aikin?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai an riga an san amsar, na rukunin safe suka ba mu." Ba ta ɗauki abin a matsayin ƙarya ba, kuma ban yi mamaki ba. Daga makarantar da ta fito ba ta taɓa riƙe buret ba. An zana musu shi a allo, an ba su lambobin da za su rubuta. A wurinta gwaji wata al'ada ce da ake yi don a iso ga amsar da malami ya riga ya sani. Na sa ta sake aikin a gabana. Ta sami 25.30, da 24.10, da 24.70, hannunta yana rawa, tana neman yin kuka. Na ce mata waɗannan munanan lambobin sun fi na farko daraja a wurina, domin nata ne, kuma suna gaya mana cewa hannunta bai zauna ba tukuna. Ta yi mako uku tana dawowa da yamma wurin wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda kowa ke kira Baba, har hannun ya zauna. Irin su Baba, waɗanda ba sa hawa mumbarin lacca kuma ba a sa sunansu a takardun bincike, su suka koya wa yawancinmu aikin.

Daga aji biyu hanya take rabuwa huɗu. Akwai Oganik, ilimin sinadaran da aka gina a kan kabon, tun daga man fetur har maganin zazzaɓi. Akwai Inoganik, mai kula da ƙarafa da gishiri da ma'adinai. Akwai Fizikal, inda lissafi ke tsare hanya, kuma nan ne waɗanda suka gudo daga darasin lissafi suke gane cewa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. Sai Analitikal, ilimin gano mene ne a cikin abu da kuma nawa ne. Ɗalibai sukan ɗauki waɗannan a matsayin kwasa-kwasai huɗu da ba su san juna ba, kowanne da malaminsa da takardun laccarsa. Laifinmu ne mu malamai, domin ba kasafai muke nuna musu inda igiyoyin suka haɗu ba, alhali misalan suna bakin ƙofa.

Ɗauki marinar Ƙofar Mata a Kano. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zane haka kawai ba. Marini yakan haɗa baba da toka a rijiyar rini ya bar su kwanaki; tokar ta sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa, ƙananan halittun da ke ciki kuma su juya shuɗin zuwa wani siffa mai narkewa wanda launinsa ke tsakanin rawaya da kore. Idan aka tsamo zanen, a kan idonka iska za ta mayar da shi shuɗi, ya maƙale cikin zare. Wannan shi ne babin karɓa da bayar da lantarki tsakanin sinadarai da ɗalibai ke faɗuwa a kansa duk shekara. Kakanninmu sun san yadda ake yi. Bajamushe Adolf von Baeyer ya zauna ya gano yadda ƙwayar shuɗin take a gine, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kuma cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. Tazarar da ke tsakanin iya yin abu da sanin dalilinsa ita ce ta kwashe wannan kasuwa gaba ɗaya.

Ko kuma buhun takin yuriya da ke ɗauke da lamba 46. Ma'anarta kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne, wanda aka kamo daga iskar da muke shaƙa ta hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913. Dalilin da ya sa sai an matse iskar da ƙarfi sosai, an zafafa ta sama da digiri 400, an kuma sa ƙarfe ya hanzarta haɗuwar, shi ne zuciyar darasin Fizikal. Idan manomi ya yi zargin an cakuɗa masa taki da yashi ko gishiri, hanyar tabbatarwa ita ce ta Kjeldahl, wadda aka ƙirƙiro tun 1883, kuma matakinta na ƙarshe taitireshan ne, wannan dai na aji ɗaya. Haka ma maganin da aka bai wa yaran Zamfara, DMSA: ƙwayarsa tana da hannuwa biyu na farar wuta da ke damƙe dalma su fita da ita ta fitsari. Babin da ke bayanin irin wannan damƙa yana cikin Inoganik, kuma na sha ganin ɗalibai suna hamma a kansa har sai na ambaci Bagega.

A aji uku ana tura ɗalibi koyon aiki na wata shida ƙarƙashin shirin SIWES. Wanda ya yi sa'a yakan sami gidan ruwa, ko kamfanin siminti, ko ɗakin gwajin wata masana'antar abinci. Wanda bai yi ba yakan ƙare yana ɗaukar fayil a wani ofis, ya dawo da littafin rahoto cike da sa hannu.

Aji huɗu shi ne na kundin bincike, kuma a nan nake da ƙorafi a kan gidanmu. Shiga ɗakin karatun kusan kowane sashen Kemistiri a ƙasar nan ka duba kundayen da ke kan kanta. Kaso mai tsoka labarinsu ɗaya ne: an samo ganyen wata bishiya, zogale ko darbejiya ko sabara ko marke, an shanya, an daka, an jiƙa a sinadari, an ɗiga wasu ruwaye an ga launi ya sauya, sai a yi jadawali mai alamar tarawa da ɗebewa, a rufe da cewa binciken ya tabbatar da amfanin da masu maganin gargajiya ke yi da ganyen. Bai tabbatar da komai ba. Kusan duk ganyen da ka tsinka a bakin hanya zai ba ka waɗannan alamomin. Tambayoyin gaskiya su ne: wane sinadari ne takamaimai yake aikin, yaya gininsa yake, nawa ne a cikin kilo guda na ganye, kuma nawa ne zai cutar da hanta ko ƙoda?

A duba yadda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta yi da wani ɗan'uwan tazargade. Ita da abokan aikinta sun bi girke-girken gargajiya sama da 2,000, suka gwada ɗaruruwan jiƙo. Ganyen yana aiki yau, gobe ya ƙi. Maimakon ta rubuta cewa an tabbatar, sai ta tsaya kan tambayar me ya sa yake ƙi, har ta gane cewa tafasawa ce ke lalata sinadarin. A 1971 ta cire shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1972 aka same shi tsantsa. Shi ne atemisinin, ƙashin bayan magungunan zazzaɓin cizon sauro da ke kowane kemis a yau, kuma shi ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Ba cewa nake ɗan aji huɗu ya yi aikin Nobel da kuɗin aljihun mahaifinsa ba. Cewa nake gara ya auna abu ɗaya ƙarami da kyau, kamar yawan gishirin naitiret a rijiyoyi goma na unguwarsu damina da rani, da ya maimaita kundin da aka yi sau ɗari. Ni kaina na sa hannu a kan irin waɗancan kundaye a shekarun baya, saboda ɗalibai sun yi yawa, lokaci ya ƙure, kuma shi ne abin da kayan aikinmu ke iyawa. Ba na alfahari da hakan.

A digiri na biyu da na uku al'amarin yakan sauya kama. Babu sauran amsa a bayan littafi, babu rukunin safe da za a tambaya. Ɗalibi ne da tambayarsa da na'ura. Mai neman dalma ko kuromiyam a ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa da Sharada yana buƙatar na'urar AAS, wadda ke ƙona samfur a harshen wuta ta auna hasken da ƙarfen ya shanye. Tana son iskar gas mai tsabta, da fitila ta musamman ga kowane ƙarfe, da ruwan gwaji wanda aka san adadin ƙarfen da ke cikinsa don a daidaita ta da shi, da wutar lantarki wadda ba ta ƙiftawa. Mai son sanin ginin sabon sinadari yana buƙatar NMR, wadda maganaɗisunta ke zaune cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Ranar da hiliyam ya ƙare, na'urar miliyoyin ta zama kayan ado. Hukumomi suna son sayen na'ura domin ana yanka mata kyalle a ɗauki hoto. Kuɗin gas da fitila da gyara da horar da mai kula da ita, waɗanda ba a ɗaukar hotonsu, su ne ba a warewa.

Sakamakon haka shi ne wata sabuwar al'ada da ke ba ni tsoro fiye da ta yarinyar nan mai 24.50. Ɗalibin digiri na uku zai zuba samfuransa a robobi, ya kai tasha ya bai wa direba, bayan mako biyu a turo masa jadawalin lambobi ta WhatsApp. Bai ga na'urar ba, bai san ko an daidaita ta ba, bai san ko an gwada ruwa zalla don a ga abin da na'urar ke karantawa idan babu komai ba. Na taɓa zama a kwamitin jarraba wani ɗalibi daga wata jami'a, wanda ya ba da rahoton dalma a ruwan sha da lambobi huɗu bayan ɗigo. Na tambaye shi mene ne mafi ƙanƙantar adadin da na'urar ke iya ganowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, haka suka turo mini." Na ba shi shawarar da nake bai wa nawa ɗaliban: duk sa'ad da za ka aika samfur, ka raba guda ɗaya gida biyu ka ba su sunaye daban, ka kuma saka kwalba ɗaya ta ruwa zalla, da ɗaya wadda kai ka zuba mata adadin da ka sani. Idan tagwayen suka dawo da lambobi masu nisa da juna, ko ruwa zalla ya dawo da dalma, ka san abin da ka saya.

Wannan ba ƙaƙale ba ne irin na malaman jami'a. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin. An sami sinadarin dayetilin gilaikol a ciki, wanda ke kashe ƙoda, a gurbin wani ɗan'uwansa marar illa da ake narka magani da shi. Dukansu ruwa ne garai-garai, mai ɗan kauri, mai zaƙi-zaƙi. Ido da harshe ba sa raba su. Na'urar da ke raba su ana koyar da ita a aji uku. Kafin nan an yi irin wannan rashi a Jos da Ibadan a 1990, an kuma sake yi a Gambiya a 2022. A kowanne akwai wata ganga da ta shiga masana'anta da takarda a jikinta, aka yarda da takardar ba a auna abin da ke ciki ba.

Ba a ce babu abin kirki a ƙasa ba. A Zariya kaɗai akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, akwai kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 2004 take da ƙaramin injin nukiliya da ake auna ƙarafa da shi a ƙasa da abinci da duwatsu. A Abuja, cibiyar NIPRD ta fitar da maganin Niprisan na masu cutar sikila daga haɗin tsirrai huɗu, har da kanumfari da masoro. Asusun TETFund ya tura malamai da dama karatu waje, sun dawo da hannu mai kyau. Abin da nake ganin ya rage shi ne a daina warwatsa na'urori ɗaya-ɗaya a kowace jami'a suna mutuwa, a tara su a 'yan cibiyoyi na shiyya masu wutar rana da kasafin gyara, inda ɗalibi zai je da ƙafarsa ya zauna gaban na'urar ya yi awon da hannunsa. Sannan a mayar da kuɗin kayan gwajin aji ɗaya abin da ba a taɓawa, domin buret da asid da ruwan soda ba su kai kuɗin tayoyin motar ofis ba. Ɗalibai goma sha biyu a kan buret ɗaya, ɗaya yana yi sauran suna leƙe, ba gwaji ba ne.

Yarinyar nan kuwa ba ta sauya sashe ba. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin wani kamfanin ruwan leda. Kwanakin baya ta kira ni da daddare, muryarta a sama. Ta auna ruwan wata sabuwar rijiyar burtsatse da kamfanin ya haƙa, ta ga naitiret ya haura ƙa'ida, ta sake aunawa sau biyu da sabon ruwan gwaji, lambar ba ta sauko ba. Manaja ya ce ta gyara rahoton, motoci suna jiran lodi. Ta ce, "Malam, na ƙi sa hannu. Gobe da safe ya ce in same shi a ofis." Na tambaye ta ko ta ajiye samfurin da littafin da ta rubuta lambobin da biro, da kwanan wata a kai. Ta ce suna cikin jakarta.